Kwamfutar da Ta Zaunar da Baba

Kwanan baya ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogale, sai na ji ɗana yana gaya wa abokinsa wai kwamfutarsa ta mutu. Na ce, "Wacce? Ba ita na ga kana kallon ƙwallo a ciki ɗazu ba?" Ya ce ita ce, ba wai ta ƙi kunnuwa ba, wani sabon gem ne ya fito ta kasa ɗauka, saboda haka ta gama yayi, sai dai a nemi wata. Kwamfutar nan siririya ce kamar faranti, ba ta ƙara, ba ta huci, ninke ta yake yi ya jefa a jaka. Dariya ta kama ni har sai da na ajiye tiren. Suka tsaya suna kallona kamar na zautu. Na koma kan zogalena, don yaran yanzu ba sa zama a ba su labari sai ranar da cajin waya ya ƙare. Amma tun daga ranar nake ta tuna wata tsohuwar kwamfuta da muka taɓa yi a gidanmu, da bazarar da ta riƙe mana mahaifinmu a kan katifa.

A Gomari, cikin Maiduguri, na tashi, lokacin unguwar ba ta cika haka ba. Tsakanin gida da gida akwai fili, ga rairayi mai ƙona tafin ƙafa, ga itatuwan maina da awaki ke kwanciya a gindinsu. Da jirgin sama muke sanin lokaci. In muka ji rugugin na safe ya taso, kwanon rufi yana karkarwa, to wadda ba ta gama shara ba ta makara. Aikina ne ɗebo ruwa a famfon bakin layi, da wanke tukwanen jiya da toka, da tankaɗe tsakin burabisko. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Ya kamar yadda ake kiran uwa a gidajen Kanuri, ba ta ɗaga murya. In ta gan ki a tsaye kina hamma da tsintsiya a hannu, cewa kawai take yi, "Ita ma tsintsiyar ta gaji da jiranki." Kanuri muke yi da ita a ɗaki, Hausa a layi, in rai ya ɓaci a haɗa duka biyun. Yanzu famfon nan babu shi, filin da muke gaɗa ya zama jerin shaguna, jiragen ma na daina jin su, ko don kunne ya saba ne, ko don janareta sun fi su baki.

Baba, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Bandar kifi yake ɗauka daga kasuwar Baga Road ya kai kudu, ya dawo da manja da doya da labarai. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce mai fataucin kifi, amma ya daɗe da ita har mutanen kasuwa sun manta da mai ita, da sunan Baba suke kiranta. In ya dawo daga tafiya, warin banda ne ke riga shi sallama. Ya ta tashi ta zuba turaren wuta a kasko tana bin ɗaki ɗaki, shi kuma yana dariya yana cewa warin nan shi ne ya sayo turaren. Ban taɓa ganin mutumin da zama ke yi wa wuya irin Baba ba. Ranar hutunsa ma sai ya cire ƙyauren banɗaki ya sake kafa shi, ko ya tafi kasuwa ya tsaya a kan masu lodin motar wani yana gyara musu ɗauri.

Ni kuwa da na gama sakandare, sai ya kai ni koyon buga takardu a shagon wata mata 'yar kabilar Ibo da kowa ke kira Madam. A Maiduguri aka haife ta, Kanurinta ya fi Hausarta daɗi. Takardun neman aiki muke bugawa, da katin biki, da na suna. Madam ba ta kiran mai gyara. Kullum akwai sukudireba soke a ɗankwalinta, in inji ya yi gardama ta kwance shi tana yi masa faɗa kamar ɗanta. Da ta ga hannuna yana da nauyi a kan madannai, sai ta jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur ta ce in kai gida in riƙa gwaji. A baro aka turo mana ita. Farinta ya koma ruwan ɗorawa, gilashinta yana da ƙeya kamar tulu, in aka kunna ta sai ta yi gurnani, ta yi tari, ta yi shiru kamar tana tunanin ko ta fasa, sannan hoto ya fito. Ina iya kunna ta in je in ɗora ruwan shayi in dawo ba ta gama farkawa ba.

A tsakiyar bazara abin ya faru. Ana lodi, Baba bai yarda da ɗaurin da aka yi ba, ya hau saman kwalaye da kansa yana jan igiya. Igiyar ta tsinke. Aka kawo shi gida a bayan tasi, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Wani tsohon maɗori Bashuwe ya zo ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya taka ta sai ruwan farko ya sauka. Baba ya ce to. Bai yi mako ba Ya ta fito daga kicin ta same shi a zaure yana dogara taɓarya, wai zai leƙa ya ga wanda ke ta da babur da ƙarfi haka. Ɗorin ya goce. Da maɗorin ya dawo ya sake jan ƙafar, har maƙwabta sun ji salatin Baba. Da tsohon ya gama, ya wanke hannu, ya dubi Ya, ba Baba ba, ya ce, "Na biyu ke nan. In ya sake tashi, ƙashin zai haɗe a karkace, ƙafar ta gajarce. Ba zai ƙara taka birkin babbar mota ba. Ku ɗaure shi ko da igiya ne."

Gidanmu ya zama ba daɗi. Aka shimfiɗa masa katifa a falo, kusa da teburin da kwamfutar take. Rediyo ya ishe shi, carbi ya ja har ya gaji, abinci ya ce ba gishiri, in an ƙara ya ce ya yi yawa. Da ya ji ƙarar babbar mota daga titi sai ya ɗaga kai ya faɗi irinta da abin da ke damun injinta, sannan ya juya fuska bango. Ya ta ɓoye taɓarya, ta ɓoye sandar rufe ƙofa, har muciya ta daina bari a fili. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa, tana gadin mijinta. Mu duka mun san ba za ta iya ba har damina.

Wata Asabar a shago na lura da 'ya'yan Madam biyu maza, waɗanda ko a coci, in ji ta, ba sa zama wuri ɗaya. Sun lafe a gaban sabuwar kwamfuta tun hantsi suna wasan tseren motoci, ko ruwa ba su nema ba. Madam ta ce, "Abin nan kaɗai ke zaunar mini da su." Na tsaya da takarda a hannu. Na ce, "Madam, zai zaunar da babban mutum?" Ta dube ni, ta gane wanda nake nufi, ta yi dariya har sukudireban ya faɗo. Sannan ta ce, "Gem ɗin ya fi ƙarfin tsohuwar da ke gidanku, 'yata. Amma ɗauki faifan ki gwada. Ba ta da abin da za ta rasa."

Da aka kawo wuta da la'asar na zura faifan. Wani ɗan layi shuɗi ya fito yana rarrafe, na yi wanke-wanke na dawo bai kai rabi ba. Da ya cika na danna, gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai ga wani ɗan akwati da rubutun Turanci da ban fahimci komai a ciki ba. Na kwafe shi da biro a tafin hannuna. Kafin in isa shago washegari gumi ya cinye rabinsa. Madam ta riƙe hannuna tana karanta abin da ya saura kamar mai duba, ta ce, "Ba ta da direba." Ashe akwai wani ɗan abu da ake sa wa kwamfuta don ta san yadda za ta sarrafa hoto, sunansa ke nan. Ta ba ni shi a wani faifan. Da na koma gida Baba ya tambaye ni, da muryar wanda komai ya ishe shi, me nake ta fama da shi da wannan akwati.

Na ce, "Mota ce a ciki, Baba. Ta ƙi tashi. An ce wai ba ta da direba."

Ya juyo daga bango. Ya ce, "Ba ta da me?"

"Direba."

Ya dubi ƙafarsa, ya dubi kwamfutar, sai ya fashe da dariya, irin wadda rabonmu da ji tun ranar igiya. Ya ce, "Ikon Allah! Ga mota ba direba, ga direba ba mota, a ɗaki ɗaya. Jawo teburin nan kusa in gani."

Direban ya shiga, gem ya buɗe, amma ba tafiya ake yi ba. Hoto ɗaya zai fito ya tsaya, sai can wani ya maye shi, kamar ana buɗe kundin hotunan biki. Ka ga mota a kan titi, ka ƙifta ido ka gan ta a cikin rami, ba ka san yadda ta je ba. Kiɗan ma in'ina yake yi. Baba kuwa ya kasa kunne yana sauraron gurnanin akwatin, ya ce, "Feronyi, injin nan lafiyarsa ƙalau. Kaya ne ya yi masa yawa. Sauke." Feronyi shi ne 'yata da Kanuri, kuma ba ya kirana haka sai ransa na fari. Da na gaya wa Madam, ta ce ai mahaifinki ya gama magana, ta nuna mini inda ake saukewa.

Na shiga sauke kaya. Na goge waƙoƙin da ke ciki, da tsofaffin katunan bikin mutanen da watakila har sun aurar da 'ya'ya, da hoton furannin da ke shimfiɗe a fuskarta. Na rufe wasu ƙananan abubuwa da ke laɓe kusa da agogo suna shan ƙarfinta a ɓoye. Sannan na shiga saitin gem ɗin kansa. Na kashe inuwa. Na kashe hayaƙin taya. Na kori 'yan kallo, na sare itatuwan gefen hanya, na kashe kiɗa na bar kukan inji kawai. Na rage girman hoton har ya koma kamar tafin hannu biyu a tsakiyar gilashi, motocin suka zama kamar an gina su da tubali. Duk abin da na cire sai mu gwada, Baba yana cewa, "Ta ɗan motsa. Ƙara." Da na zo kan madubin duba baya na cire shi, sai ya buga katifa.

"Mayar! Wane mahaukaci ne ke tuƙi ba madubi?"

"Baba, yana da nauyi. Shi ma hoto ne na biyu take zanawa."

"To cire gajimare. Wa ya taɓa isa Fataskum don ya kalli sama?"

Na mayar da madubi, na share sama ta koma shuɗi fetal. Motar ta soma tafiya. Ba gudu ba, amma tafiya ce ta gaskiya, taya na juyawa, hanya na zuwa. Muna cikin murna sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Na taɓa jikinta, kamar tukunyar da aka sauke. Baba ya ce ta tafasa, a buɗe bonet. Na ari sukudireban Madam na kwance murfin gefe, sai ga gidan zanzaro manne a jikin 'yar fankarta, ga saƙar gizo-gizo ta ko'ina. Da gashin kaza na share ta. Muka ɗora ta a kan bulo biyu, muka bar gefen a buɗe, Ya ta ɗauko fankar teburinta, wadda ta zo da ita daga gidansu kuma ba ta yarda kowa ya taɓa, ta saita ta a cikin hanjin kwamfutar. Ita kuma ta zauna da mafici tana yi wa Baba fifita. A zafin Maiduguri, wanda ya san shi ya san abin da ta bayar.

Wannan ne abin da nake ganin yaranmu sun rasa, ba don sun fi mu lalaci ba. Kayansu a rufe suke zuwa, ba ƙusa, ba murfi, ba inda za ka sa ido ka ga abin da ke juyawa. In abu ya gaza, sai a ce ya tsufa. Mu kuwa komai na gidanmu an taɓa buɗe cikinsa: rediyo, fitila, keken ɗinki, agogon bango. In abu ya gaza, tambayar ita ce me za a rage masa, me za a tallafa masa da shi. Ba na cewa zamaninmu ya fi, don ba zan so in koma jiran layin shuɗin nan ba. Amma daɗin da na ji ranar da tayar nan ta fara juyawa, ban san a wane shago ake sayar da irinsa ba.

Na ɗora masa madannan a kan faranti a cinyarsa, na nuna masa kibiyoyi huɗu. Ya ce mota ba sitiyari wulaƙanci ne, amma ya karɓa. Yatsunsa manya ne, in ya danna ɗaya sai biyu su shiga. Kuma saboda nauyin kwamfutar, in ya danna hagu sai motar ta yi ɗan jinkiri kafin ta amsa. Na ba shi haƙuri a kan wannan. Ya ce, "Haƙurin me? Haka babbar mota take in an cika ta. Tun kafin kwana kike fara murɗawa." Matsalar da ba mu hango ba ta fito a kwanar farko mai tsanani. Jikinsa ya manta da kibiya, ƙafar dama ta zabura neman birki. Ya yi ƙara, gumi ya keto masa, Ya ta miƙe za ta zare waya daga bango. Da ƙyar muka lallashe ta. Ita ce ma daga baya ta kawo dabara. Ta tokare karyayyar ƙafar da matasai biyu, ta sa masa wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin ta hagu, ta ce, "Malam, ga birkinka nan. In ka taɓa waccan, na mayar wa Madam kayanta." Kafin damina gwangwanin nan ya lotse ya zama kamar faifai.

Tseren motoci ne, amma Baba ba tsere yake yi ba. Sai ya sa hularsa, ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar tafiya. Da an ɗaga tuta sauran motoci su fice kamar an kore su, shi kuma ya tashi a hankali ya kama hannunsa. Ba ya wuce kowa a kwana. In ya iske wata ta kife a gefen hanya sai ya rage gudu ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko? Ina za ka da wannan sauri?" Kullum shi ne na ƙarshe. In rubutu ya fito yana nuna haka, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, kaya sun isa lafiya." Abokansa direbobi suka ji labari suka fara zuwa dubiya suna daɗewa. Manyan mutane masu furfura, a tsugune gaban hoto kamar tafin hannu, ana gardamar wa ya taka birki a makare. Ya tana dama musu ardeb, ruwan tsamiya mai sanyi, tana cewa da Kanuri falonta ya zama tasha. In an ɗauke wuta kuwa, Baba ba ya juya wa bango fuska kamar da. Sai ya rufe ido yana bitar hanyar da ka, yana gaya mini bayan gada akwai kwana biyu a jere, ta biyun ce mai cin mutum. Daga nan ya zarce zuwa hanyoyin gaske, ya ba ni labarin tudun da ake hawa da giya ɗaya, da garin da ake sayar da doya mai arha, da inda ya taɓa kwana uku yana jiran a gyara gada. A bazarar nan na san mahaifina. Kafin nan baƙo ne mai kawo tsaraba.

Wata safiya Madam ta miƙo mini wani ɗan falle kore mai kama da matsefi, gefensa ɗaya ruwan zinariya. Ta ce ram ne, ƙarin ƙwaƙwalwa, ta ciro shi daga wata kwamfuta da ta ƙone. In na sa wa tamu za ta ƙara kuzari. Ta sallame ni da wuri don akwai wuta. Na zo da ɗokina na zare waya, na cusa shi a ramin da ta kwatanta, na kunna. Ba gurnani, ba tari. Sai wani kuka, tiit, tiit, tiit, gilashi baƙi. Na cire shi na sake kunnawa, kukan bai daina ba. Ina durƙushe a wurin sai wani abokin Baba ya yi sallama. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Alhaji ya gaji da ajiye mota. Ya ba wani saurayi makullin, ana lodi yanzu haka, bayan azahar za ta ɗau hanya.

Mutumin ya yi sallama ya fita. Baba ya ce, "A ba ni sanda."

Ya ta ce, "Malam, ka ji abin da maɗori ya ce."

"Na ji. A tarar mini tasi. Magana kawai zan yi da Alhaji, ido da ido. Shekara nawa ina riƙe masa motar nan?"

Ya ta je ta tsaya a bakin ƙofa ta baza hannu. Shi kuma ya jawo jiki zuwa bakin katifa, ya sa hula, ya zura ƙafar hagu a takalmi, yana laluben bango. Sai na tuna na taɓa ganin Madam tana goge gefen zinariyar nan da kilinar fensir. Na zazzage jakar makarantar ƙanwata na samo wata guntuwa, na cire tsohon fallen da sabon duka na goge su, na hure ramukan. Ashe da farko tsoron karyawa ya hana ni dannawa sosai, har na sassauta na asalin. Wannan karon na sa manyan yatsuna biyu na danna da ƙarfin da nake tuƙa tuwo. Na ji ƙas, na ji ƙas. Na kunna. Tiit ɗaya tak, sai gurnanin nan da na saba zagi, wanda ranar ya fi mini kowace waƙa daɗi.

Na ɗauki farantin madannan na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, na yi mata garambawul. Zo ka gwada."

Ya ce, "Ba lokacin wasa ba ne."

Na ce, "Waccan an ba wani. Wannan kuwa ban ba kowa ba."

Ya daɗe yana kallona, hannunsa ɗaya a bango. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya sauke hannun, ya koma da baya a hankali, Ya ta zo ta gyara matasan. Bai karanta addu'ar tafiya ba ranar. Motar ta yi sauƙi, tana amsawa nan take, shi kuma ya murɗa tun kafin kwana yadda ya saba, sai ga shi a cikin rami. Ya ce, "Sake." Ya sake faɗawa. "Sake." A karo na gaba ya kama ta. Na ga mutumin da bai taɓa wuce kowa a kwana ba yana kutsawa tsakanin motoci biyu, haƙoransa a cije, gwangwani yana kuka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya wuce jar mota, ya wuce fara. Bayan gada, a kwana ta biyu mai cin mutum, motar da ke gaba ta buɗe da yawa, ya shige ta ciki. Ya, wadda ke cewa abin nan shirme ne, ta yar da mafici tana ihu, "Taka, Malam! Taka!" Da ya tsallake layi shi ne na ɗaya, ni da ƙanwata muka yi ta tsalle har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Sai muka ji kiran sallar la'asar. Azahar ta wuce ba wanda ya lura, sai da muka rama ta. Baba ya cire hula ya share gumi. Ya ce, "Ta tafi ke nan." Ya mayar da hular. Ya ce, "Allah ya kai su lafiya. Yaron yana da iyali shi ma." Sannan ya dubi Ya ya ce, "Akwai sauran burabiskon nan?"

Ruwan farko ya sauka da iska mai ƙamshin ƙasa. Maɗori ya zo ya kwance karare, ya miƙe ƙafafun biyu ya gwada su da zare, ya ce ko ɗaya ba ta fi ɗaya ba. Ya tambayi Ya da wace igiya ta ɗaure shi. Ta nuna masa akwatin da ke kan bulo, hanjinsa a waje. Tsohon ya duba, ya duba, ya ce shi dai bai gane ba, amma a ajiye masa ita, yana da wasu majinyatan masu taurin kai.

Baba bai koma waccan motar ba. Wani ɗan kasuwar ne ya ba shi wata, ta fi ta tsufa, ƙofarta da waya ake ɗaure ta. Ranar tafiyarsa ta farko ya ce in saka lafayata in raka shi kasuwa. Na ɗauka kwanon abinci zan riƙe masa. Da aka gama lodi, ya tsaya a ƙasa yana nuna wa matasa inda za su ja igiya, sannan ya buɗe ƙofar gefen fasinja ya ce, "Hau. Kin sa ni a motarki, yau ki shiga tawa." Ban taɓa hawa abu mai tsawo haka ba. Daga can sama tasi-tasi suka koma kamar kwanukan sha, masu babura suna darewa, injin yana kaɗa ni tun daga tafin ƙafa har haƙora. Ya ratsa gari da ni a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu. Da muka kai bakin gari, inda hanyar Damaturu ta miƙe, ya nuna mini wata igiya da ke rataye a saman kaina ya ce, "Ja." Na ja. Hon ɗin ya tsaga sararin Allah, wasu shanu a gefen titi suka watse, makiyayinsu ya ɗaga mana sanda, Baba yana dariya har da hawaye. A nan ya sauke ni, ya tare mini tasi, ya ce in gaida Ya.

Da na shiga gida, Ya ta shinshina iska tun ina zaure. Ta dubi lafayata, ta dubi fuskata. Ta ce, "Yanzu kuma ku biyu ne?" Ta tashi ta ɗauko kaskon turare.